Lauyan Baƙo a Suleja: Wa Zai Biya?

Suleja ta daɗe tana karɓar waɗanda Abuja ta yi wa tsada: 'yan garuwa, masu gadi da masu shayi, cikinsu har da 'yan Maraɗi da Damagaram. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shigowa su zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, wannan dama ta dogara ne kan sassaucin da ECOWAS ta ce za ta ci gaba da yi kafin a yanke hukunci. Wanda aka kama yau, wa zai tsaya masa?

Hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, tana taimakon wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a yanzu. Amma sashe na 46 na kundin tsarin mulki ɗan ƙasa matalauci ya ambata, bai ambaci baƙo ba. Ga ƙarancin kuɗi da lauyoyi, ga nisan Minna, babban birnin jihar. Ba abin mamaki ba ne a tasa ƙeyar mutum zuwa iyaka alƙali bai ga fuskarsa ba.

Masu cewa kuɗin talakawan Najeriya bai kamata ya tafi kan baƙi ba suna da hujja, domin gidajen yarinmu cike suke da 'yan ƙasa masu jiran shari'a. Sai dai a nan Arewa, wa ke iya bambanta Bakatsine da Bamaraɗe da ido? Harshe ɗaya, suna ɗaya, galibi kuma babu takardar haihuwa. A 1980 gwamnatin Shagari ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu a Maiduguri ta soke korar, amma shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Ɗan garuwan Suleja ba shi da ko ɗaya.

Saboda haka lauyan da aka biya wa baƙo, ɗan ƙasa ma yake karewa daga korar kuskure. Ya kamata Majalisar Tarayya ta ware kuɗin wannan aiki a kasafin hukumar, a kuma tilasta kiran lauya tun ranar da aka kama mutum.