Abin da ya jinkirta ruwan sha a Shoal Lake

Tun 1919 birnin Winnipeg na ƙasar Kanada ke shan ruwan tafkin Shoal Lake. Amma 'yan asalin wurin, al'ummar Shoal Lake 40, daga 1997 zuwa 2021 sai sun tafasa ruwa kafin su sha, ko su dogara da na roba.

Me ya hana a gina musu matatar ruwa? Babban cikas shi ne rashin hanya. Magudanar da aka haƙa saboda Winnipeg ta mayar da garinsu tsibiri: lokacin zafi sai jirgin ruwa, da hunturu kuwa a taka ƙanƙara. Ta ina siminti da manyan injuna za su bi?

Sai da aka kammala titi a 2019 aikin ya kankama. An buɗe matatar a Satumbar 2021, bayan shekara 24. Wannan jira ya wuce hankali.