Hayaƙin Maƙerin Fari da Fankar da Ta Dace da Shi

A Bici, bisa hanyar Kano zuwa Katsina, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, maƙera iri biyu ne tun kaka da kakanni. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da lauje, akwai kuma maƙeran fari, masu zobe da munduwa da awarwaro. Na farkon galibi a rumfa suke aiki, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama. Shi kuwa maƙerin fari, da yake kayansa masu tsada ne, kuma 'yar iska kaɗan takan kwashe masa garin azurfa, sai ya shige zaure ko ɗan shago ya ja ƙyaure. To, a nan cutar take.

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yakan fid da wata iska mai guba, ba launi ba wari, alamarta ciwon kai da jiri da kasala. Ruwan batir da ake wanke azurfa da shi, tururinsa yakan ci maƙogwaro. Abin liƙi ma akwai wani irinsa mai ƙarfen kadmiyam a ciki, wanda zafin wuta ke mayarwa tururi, ya ɓata huhu da ƙoda. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan ado da abin liƙi a shekarar 2011. Dalma kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara, ƙurarta ta kashe yara wajen 400, domin a tsakar gida ake niƙa duwatsun zinariya. Zaure ƙofa biyu gare shi, ɗaya waje ɗaya cikin gida, hayaƙin da bai fita titi ba kuwa wurin mata da yara ya nufa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sayi fankar tebur ya kafa ta a gabansa. Lalle zai ji sanyi, amma ta karkatar da harshen wuta, ta watsa garin azurfa, hayaƙin kuma yana nan yana zagaya ɗaki. Ta sama ma haka. Wadda ake bukata ita ce mai zuƙa, wadda ake huda bango a kafa, ta janye hayaƙi ta tura shi waje.

Sai dai zuƙa ba ta da nisan hurawa. Mutum yakan hure fitila daga kamu guda, amma ba ya iya kashe ta da jan numfashi. Fanka ma haka take: in an matsa daga bakinta gwargwadon faɗinta, ƙarfin janta ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Watau ƙaramar fanka dab da murhu ta fi babba a can ƙarshen bango. Wurinta bayan wuta, sama kaɗan, maƙeri na fuskantarta. In aka kafa ta bisa kansa ko bayansa, sai hayaƙin ya bi ta hancinsa tukuna kana ya fita, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Batun girma kuwa lissafi ne, 'yan kasuwa ba su bukatar a koya musu shi. Ɗaki mai mita 3 tsawo, 3 faɗi, 3 bisa, ya ɗauki iska mita 27 na cika. In ana so ta sake sau 10 a sa'a guda, sai a nemi fankar da aka rubuta 270 ko fiye a kwalinta. A duba wannan adadin a Kasuwar Sabon Gari ta Kano tun kafin a shiga ciniki, domin ƙarar fanka ba ita ce ƙarfinta ba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, mai aiki da batir na bolt 12 da faifan hasken rana ta fi amfani. Fiffiken roba yakan lanƙwashe kusa da wuta, na ƙarfe kuma ruwan batir na sa shi tsatsa, saboda haka kowa ya dubi aikin da ya fi yi.

Sa'an nan a bar ƙofar waje a ɗan buɗe, domin fanka ba ta fid da iska sai wata na shigowa. Kada a huda bangon arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, za ta komo da hayaƙin ciki. Kada kuma a juya bakinta tsakar gidan maƙwabci, balle a ƙasar Bici inda gida ke jingine da gida. Gara a ƙara bututu ya haura saman soro.

In an gama kafawa, sai a kunna turaren tsinke a ajiye shi daidai inda ake narka azurfa. In hayaƙinsa ya miƙe sosai zuwa bakin fanka, ta zauna daidai. In ya tsaya yana yawo, sai a matso da murhun.