Rush Hour: Abin da ya sa haɗin Jackie Chan da Chris Tucker ke jan masu kallo har yau

A filin jirgin saman Los Angeles, wani ɗan sanda baƙar fata ya je tarbar baƙon da aka turo daga Hong Kong. Ya yi masa magana, baƙon ya yi murmushi kawai. Ya ɗaga murya yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana da kurma, yana tambayarsa ko yana gane abin da ake ce masa. Baƙon bai tanka ba. Sai daga baya, bayan ɗan sandan ya gama zuba surutu a gabansa, ya gano cewa mutumin na jin Turanci sarai. Da ya nemi ba'asi, baƙon ya ce shi bai taɓa cewa ba ya ji ba, mai masaukin ne ya yanke wa kansa hukunci. Ya ƙara da cewa yakan ƙyale mai son surutu ya yi ta yi, don ta haka ake sanin ko shi wane ne.

Haka Sufeto Lee da jami'i James Carter suka fara haɗuwa a fim ɗin Rush Hour, wanda ya fito ranar 18 ga watan Satumban 1998. Jackie Chan ne ya fito a matsayin Lee, Chris Tucker kuma a matsayin Carter, sai Brett Ratner da ya ba da umarni. Kuɗin da aka kashe wajen shirya shi bai wuce dala miliyan 35 ba, amma ya tara sama da dala miliyan 240 a gidajen sinima na duniya. Daga zamanin kaset zuwa na faifai, zuwa yau da ake tura gutsattsarinsa a waya, fim ɗin bai rasa masu kallo ba.

Labarin a taƙaice

Fim ɗin ya buɗe ne a daren ƙarshe na mulkin Birtaniya a Hong Kong, a 1997. Lee ya kai samame kan gungun wani ƙasurgumin mai laifi da ake kira Juntao, wanda ba a san fuskarsa ba, ya ƙwato kayan tarihin ƙasar Sin da aka sace. Ba da jimawa ba, abokinsa Han ya koma Los Angeles a matsayin ƙaramin jakada. Wata safiya aka sace ƴarsa Soo Yung a kan hanyar makaranta, cikin cunkoson motoci. Daga nan sunan fim ɗin ya samo asali, domin ma'anarsa ita ce lokacin da hanya ke cushewa da masu zuwa aiki ko masu tashi.

Masu garkuwar suka nemi dala miliyan 50. Han ya dage sai an kira masa Lee, mutumin da ya yarda da shi. Hukumar FBI kuwa ba ta son baƙo ya sa mata hannu a aiki, don haka ta nemi rundunar ƴan sandan Los Angeles ta ba ta wanda zai riƙa yawo da shi nesa da binciken. Rundunar ta miƙa mata Carter, wanda bai daɗe da ɓata wani aikin sirri ba har mota ta tarwatse a tsakiyar titi. Shi ya ɗauka girma aka ba shi, alhali hukunci ne.

Ɗaya da baki, ɗaya da hannu

Ba Rush Hour ne ya ƙirƙiro salon haɗa mutum biyu masu saɓanin hali a aikin ɗan sanda ba. A 1982 an yi 48 Hrs., inda Nick Nolte ya fito a ɗan sanda, Eddie Murphy kuma a fursunan da aka ba shi aro. A 1987 aka yi Lethal Weapon da Mel Gibson da Danny Glover. Abin da Rush Hour ya ƙara shi ne haɗa gwanaye biyu da kowannensu ya fito daga makarantar ban dariya daban.

An haifi Jackie Chan a Hong Kong a 1954. Tun yana yaro aka sa shi makarantar wasan kwaikwayon gargajiyar Sin, inda ya yi shekara goma yana koyon tsalle-tsalle da dabarun faɗa. Ya yi aikin shan duka a fina-finan Bruce Lee, ciki har da Enter the Dragon na 1973. Daga baya ya gina nasa salon: jarumin da ke jin zafi idan ya kai naushi, yana yarfa hannu, yana kare kansa da kujera ko tsani ko duk abin da ya samu. Yakan yi wasanni masu hatsari da kansa, har ƙoƙon kansa ya taɓa fashewa lokacin ɗaukar Armour of God. Sai dai yunƙurinsa na farko na shiga kasuwar Amurka, da The Big Brawl a 1980 da The Protector a 1985, bai yi armashi ba.

Chris Tucker kuwa an haife shi a Atlanta a 1971, kuma a dandalin barkwanci ya yi suna kafin fim ɗin Friday na 1995 ya fito da shi sosai. Jarinsa murya ce siririya, da saurin magana, da zare ido.

Saboda haka kowace matsala a fim ɗin tana da mafita biyu. Carter zai nemi ya tsira da bakinsa, ya yi cika baki, ya yi ƙarya, ya ruɗa mutane. Idan bakin ya jawo masa, kamar yadda ya saba, sai hannun Lee ya fitar da su. Mai kallon da ba ya jin Turanci zai yi dariya idan ya ga Lee, wanda Carter ya ɗaure da ankwa a sitiyarin mota, ya bayyana a gidan jakada da sitiyarin a hannunsa. Mai jin harshen kuma yana da ƙarin rabo a bakin Tucker.

Rashin fahimtar ma ba duka ne wasan kwaikwayo ba. Chan ya sha faɗa a hirarraki cewa a lokacin ɗaukar fim ɗin yakan kasa gane abin da Tucker ke cewa saboda saurinsa, kuma barkwancin Amurkawa bai cika shigarsa ba. Ana ganin alamun haka a kurakuran da ake nunawa a ƙarshen fim, al'adar da Chan ya saba da ita tun a fina-finansa na Hong Kong.

Waɗanda aka ajiye a gefe

Dariya kaɗai ba za ta riƙe fim tsawon waɗannan shekaru ba. Abin da ke ƙarƙashinta shi ne matsayin mutanen biyu. Lee gwani ne a ƙasarsa, amma yana sauka a Amurka aka mai da shi kaya mai nauyi da za a nema wa ma'ajiya. Carter ɗan gida ne, amma abokan aikinsa dariya suke masa, manyansa kuma neman hanyar rabuwa da shi suke. An haɗa su ne don kada su yi komai, kuma su ne suka gano bakin zaren. Juntao da ake nema ruwa a jallo ashe Thomas Griffin ne, tsohon babban jami'in ƴan sandan Birtaniya a Hong Kong kuma aminin Han, mai shiga ko'ina ba a tambaye shi. Tom Wilkinson ne ya hau wannan matsayi.

Duk wanda ya taɓa barin gida neman abinci ya san irin kallon da aka yi wa Lee a filin jirgi. Ana auna hankalin baƙo da yadda yake furta harshen masu gari, a manta cewa wataƙila harshe uku ko huɗu ne a bakinsa.

Akwai kuma batun wuri da lokaci. A 1992 an yi mummunar tarzoma a Los Angeles bayan kotu ta wanke ƴan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka, kuma shagunan ƴan asalin Koriya da dama sun ƙone, abin da ya fito da tsamin dangantaka tsakanin baƙar fata da ƴan Asiya a birnin. Shekara shida bayan haka, sai ga babban fim a wannan birni da baƙar fata da ɗan Asiya ke jagoranta, babu farar fata a tsakaninsu da zai zama uban tafiya. A Hollywood ta wancan lokaci, ba kasafai ake ganin haka ba.

Amana tsakaninsu ma ba a rana ɗaya ta ginu ba. Carter ya ƙi jinin aiki da abokin tafiya, kuma sai can ya faɗi dalili: mahaifinsa ɗan sanda ne da aka kashe a bakin aiki, ranar da abokin aikinsa bai fito ya mara masa baya ba. Lee ma ɗan ɗan sanda ne. Bayan kutsensu ya ɓata shirin biyan fansa, aka ƙara kuɗin zuwa dala miliyan 70, aka kuma sallami Lee ya koma gida. Carter, wanda da farko yake neman yar da shi, shi ne ya bi shi har cikin jirgi ya dawo da shi.

Wasa da ƙa'idarsa

Kusan rabin hirar fim ɗin tsokana ce: kan abinci, kan kiɗa, kan lafazi, kan wanda mahaifinsa ya fi jarumta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Nijar, ƙasar da hukumar UNESCO ta sanya al'adarta ta wasan dangi cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Wanda ya ga yadda Bafulatani da Babarbare ke caccakar juna a kasuwa su rabu suna dariya, ya san cewa wani zagin alamar kusanci ne.

Ya kuma san cewa wasan na da masu shi. Fim ɗin ya nuna haka a wani gidan wasan sunuka, inda Carter ya gaisa da baƙar fata ƴan uwansa da wata kalma da suke faɗa a tsakaninsu. Lee, da aka ce ya riƙa yin abin da ya ga an yi, ya maimaita ta cikin fara'a, sai wuri ya kaure da faɗa. Kalma ɗaya ce, amma bakin da ta fito ya bambanta.

A nan ne kuma masu suka ke da abin cewa. Wasu barkwancin fim ɗin sun dogara ne kan tsoffin zato game da ƴan Sin da baƙar fata, kuma da yawa daga masu kallon yau na ganin sun wuce gona da iri. Masu kare shi na cewa tsokanar ta kowane ɓangare take zuwa, kuma wanda ya raina wani shi ke jin kunya a ƙarshe.

Abin da ya biyo baya

Nasarar ta haifar da kashi na biyu a 2001, wanda ya kai su Hong Kong da Las Vegas, ya kuma tara sama da dala miliyan 340, fiye da na farko. Na uku ya fito a 2007, akasarinsa a birnin Paris. Chan ya samu gurbin da ya daɗe yana nema a Amurka, har aka ba shi kyautar girmamawa ta Oscar a 2016.

Duk da haka, a na farkon ne aka fi ganin yadda raini ke komawa girmamawa. A wurin baje kolin kayan tarihi inda aka yi karon ƙarshe, Lee na faɗa yana kuma tare tukwanen ƙasarsa kada su fashe. Da ya faɗo daga can saman ginin, Carter ne ya ja wani dogon ƙyalle ya tare shi. Bayan an ceto Soo Yung, jami'an FBI da suka raina Carter suka yi masa tayin aiki, ya ce a kai kasuwa.

Fim ɗin ya rufe da su biyun a jirgin da zai kai su Hong Kong, inda yanzu Carter ne zai zama baƙo. Ma'aikaciyar jirgi ta zo, ya yi mata magana da harshen Sin. Lee ya yi mamaki, ya ce bai san yana ji ba. Carter ya mayar masa da amsarsa ta ranar farko: shi ma bai taɓa cewa ba ya ji ba.