Kafin ka zuba kuɗinka a takalmin ƙwallo, dubi filin da za ka taka

Da kaka ta yi, an kwashe masara an sayar, kuɗi sun ɗan shigo hannu, abin da ke ran matashi ɗan ƙwallo a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa shi ne ya shiga mota zuwa Funtuwa ya dawo da but. Wani ma har Kano zai aika, a duba masa a gwanjon Ƙofar Wambai. Kuma ka san irin wanda ake so: mai ƙyalli, irin wanda aka gani a ƙafar Mbappe a gidan kallo ranar Asabar.

To tsaya tukuna. Wancan takalmin an ƙera shi ne don ciyawar da ake yi wa ban ruwa kafin a take wasa. Kai kuwa a ina za ka buga? A filin firamare ko na sakandaren garinku, jar ƙasa da burji, wadda daga Disamba zuwa Mayu take taurin daɓe.

Juya takalmin ka duba gindinsa, can maganar take. Kamfanoni irin su Nike da Adidas da Puma sukan sa haruffa a kwali ko a jikin takalmin. FG na ciyawa ne mai ɗan tauri, shi ya fi yawa a kasuwa. SG na fili mai taɓo ne, haƙoransa dogaye, galibi shida, da ƙarfe a baki. AG na ciyawar roba ne. TF kuma shi ne mai ƙananan haƙoran roba birjik a gindi, wanda wasu ke rainawa suna cewa ai kambas ne.

Amfanin haƙori shi ne ya nutse cikin ƙasa ya riƙe ka. Idan ƙasa ta yi tauri ba zai nutse ba, sai ya zama kana tsaye a kan 'yan turaku. Nauyin jikinka duka ya taru a wurare ƙalilan a tafin ƙafa, shi ya sa ake tashi wasa diddige na zogi, ga bororo a ƙarƙashin babban yatsa. Ƙafar kuma ta yi sama da ƙasa, da ka zo yanke mutum ka taka tsakuwa sai idon sawu ya gurɗe. Targaɗe ɗaya ya isa ya zaunar da kai har a gama gasar unguwanni, kuma idan da ƙarfinka kake ci, ya hana ka zuwa gona ko hawa mashin. A irin filinmu na rani, wancan da ake rainawa shi ne sarki: haƙoransa gajeru ne, suna da yawa, suna raba nauyi, ƙafa na kusa da ƙasa, ƙwallo na jin taɓawarka. Ni dai da za a ce in zaɓi ɗaya rak, shi zan ɗauka ba tare da wata-wata ba.

Da damina labari ya sauya. A watan Agusta laka na cike tsakanin ƙananan haƙoran, gindin ya koma sumul, sai santsi. Nan ne FG ke biyan kuɗinsa. Tarihi ma ya nuna haka. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954 a birnin Bern, an sha ruwan sama, kuma 'yan Jamus ta Yamma sun saka takalman Adi Dassler masu haƙoran da ake kwancewa a ɗaura dogaye. Hungary ta fara cin biyu, amma aka tashi 3 da 2, Jamus da kofi. Ba takalmi kaɗai ya ci wasan ba, amma har yau ba a ba da labarin ba tare da an ambace shi ba.

Kada kuma ka ɗauka rashin but ya hana ka zama ɗan wasa. Tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949 yawancinsu ba takalmi suka buga, cikinsu har da Teslim Balogun, kuma sun lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2 a wasansu na farko. Sai dai su ba a kan tsidau da fasassun kwalabe suka buga ba.

Sai batun lamba. An saba sayen babba don "ya daɗe", ko a matse ƙafa cikin ƙarami saboda shi aka samu da araha. Babba yana sa ƙafa ta riƙa yawo a ciki, ka auna kusurwa ƙwallo ta nufi gonar mutane. Ƙarami kuma farce yake kashewa. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka buga da ita, a bar ɗan sarari kaɗan gaban babban yatsa. Idan gwanjo ne, lanƙwasa shi ka ga ko gindin ya fara rabuwa, ka kuma duba ko haƙoran sun cinye ta gefe guda, don irin wannan karkatar da ƙafa yake yi. In ya jiƙe kada ka kai shi bakin murhu, gam ɗin zai saki. Cusa masa takarda ka ajiye a inuwa.

Abin da aka fi wasa da shi shi ne makarin ƙwauri. Tun 1990 dokar ƙwallo ta wajabta shi, amma mu nan sai ka ga an yanki kwali an tura cikin safa don a rufe bakin rafali. Kwali ba ya tare haƙorin takalmi, kuma ƙashin ƙwauri ba shi da tsokar da za ta kare shi ta gaba. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na but ba, balle na ɗori.

Ƙwallon ita ma a duba ta. Lamba 5 ta manya nauyinta giram 410 zuwa 450 ne. Wadda aka ɗura wa iska wurin mai faci har ta zama dutse, a kan busasshiyar ƙasa tsalle kawai za ta riƙa yi, ba mai iya tsayar da ita. A rage mata kaɗan kafin a take. Yaran da ba su kai shekara 12 ba kuma a nema musu lamba 4.