An Kai Ta Kafin Su Farka: Makokin 'Yan Bauchi Mazauna Ƙetare

A Bauchi gawa ba ta jiran kowa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka da sutura, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa. Wanda ya cika da dare ne kawai ke kwana, shi ma da hantsi an gama. Addini ya ce a gaggauta, zafin ƙasarmu ma bai bar wurin jinkiri ba. Ɗan gidan da ke Jos ko Gombe yana iya kama hanya ya tarar da sahu. Wanda ke Landan kuwa, ko da tikiti na hannunsa, sai jirgi ya ci masa awa 6 da ɗoriya kafin ya sauka Abuja, sannan ya nemi wani jirgin zuwa filin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum, ko ya yi kusan wuni a mota ta Akwanga da Jos. Na Houston ya fi shi nisa. A lokacin sanyi Bauchi na gabansa da awa 7, wato ƙarfe 10 na safen da ake sallar gawa a Jahun ko Kobi, ƙarfe 3 na dare ne a wurinsa. Sai ya tashi sallar asuba zai ga jerin kiran da bai ɗauka ba, ya buɗe zauren iyali na WhatsApp ya tarar har an dawo daga maƙabarta.

Manyan mutane ne ake ɗan dakata wa. Da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya rasu ranar Alhamis 27 ga Nuwamba 2025, sai washegari Juma'a aka yi jana'izarsa, almajirai da masoya na nesa suka samu isowa. Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka kawo shi Daura ranar 15. Amma goggon da ta yi shekara hamsin tana riƙe da dangi a wani lungu na Bakaro, babu wanda zai tsayar da makararta don ɗan ɗan'uwanta na Manchester. Shi ma bai nemi a tsayar ba. Abin da yake faɗa a waya, murya na rawa, shi ne: «Ku kai ta, kada ku jira ni. Allah ya sa ta huta.»

Kowane babban gida a garin nan yana da irin wannan mutum guda. Wani gidan kawu ne mai barkwanci, wani gidan babbar yaya ce, a namu ƙanwar mahaifinmu ce. Mace ce mai faran-faran da jama'a, wadda aka yi karin maganar shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma kamar dominta. Mayafinta kullum yana rataye a bakin ƙofa saboda ba ta san lokacin da za a aiko ba. Da safe tana gidan suna a Wunti, da rana tana dubiya a asibitin koyarwa da kwanon kunun gyaɗa, da yamma tana gaisuwar mutuwa a Yelwa. Ranar Juma'a takan zauna gaban tanda tun da sassafe, masa na fitowa tana rarrabawa a kwanuka, wannan na maƙwabta, wannan na tsohuwar da ke bayan masallaci, wannan na almajiran zaure. Yaro in ya yi laifi ɗakinta yake gudu. Matar da ta yi yaji wurinta take fara sauka, kuma da wuya ta kwana biyu ba a mayar da ita ɗakinta ba.

Ga waɗanda ke ƙetare, irin wannan mace ita ce ƙofar gida. Ita ce ke ƙulla tsarabar kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa duk lokacin da ta ji wani zai tashi. Ita ce ke aiko saƙon murya ba tare da doguwar sallama ba: «Kai, ka kira kawunka, ƙafar nan ta sake tashi. Wance ta sauka, an samu namiji, suna ranar Talata, ka turo ko na goro ne.» In ɗan ƙetare ya turo kuɗin azumi, ita ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba amma ba za su taɓa faɗa ba. In ta shiga gidan dangi takan ce «yana gaishe ku ƙwarai», ko da wata uku bai tuna da su ba. Da ƙafarta yake zumunci, da bakinta yake gaisuwa. Ranar da ta faɗi, ya yi rashi biyu: ita kanta, da matsayinsa na ɗan gida wanda ake jin ɗuriyarsa.

Rabuwa irin wannan ba yau ta fara ba a ƙasar nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yankin da yanzu ke jihar Gombe, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka zauna a Sudan, a garin da har yau ake kira da sunansa. Mahajjatan ƙafa sun bi wannan hanya shekaru da dama, fataken goro kuma suka yi yamma zuwa Gwanja. Mai irin wannan tafiya yakan bi dangi gida-gida a yafi juna kafin ya tashi, don kowa ya san mai yiwuwa ganin ƙarshe ke nan. Labarin mutuwa yakan iso da ayari bayan watanni. Daga baya aka samu wasiƙa, aka samu kaset da tsofaffi ke ɗaukar muryarsu a ba mahajjaci ya kai wa 'yan'uwa a Makka, sannan wayar salula ta shigo a 2001. Yanzu labari na isa cikin minti guda, amma ƙafa ba ta isa. A ganina wannan yana da nasa ciwon da na dā bai da shi: mutum yana ji a waya ana cewa an ɗauko ta, an fito da ita, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa a wata ƙasa, babu ko kafaɗar da zai sa a ƙarƙashin makara. A 2020, lokacin da aka rufe filayen jiragen Najeriya ga zirga-zirgar ƙasashen waje daga Maris zuwa Satumba saboda korona, ko mai kuɗin tikiti bai samu zuwa gaisuwa ba.

Yadda ake zaman makoki ya danganta da inda mutum yake. A Nima da Sabon Zango na Accra, a zangon Kumasi, a unguwar Briqueterie ta Yawunde, ko cikin Hausawan Jidda, jama'a na da kauri. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, malamai su zo, a yi addu'a, a raba sadaka, kamar dai a Ƙofar Dumi. A Ingila da Amurka abin ya sha bamban. Hutun rasuwa a yawancin wuraren aiki 'yan kwanaki ne, kuma an fi ba da shi don uwa da uba, miji ko mata, ko ɗa. A takardar ma'aikata ƙanwar uba dangi ce ta gefe, ko da ita ta goya ka. Ma'aikaciyar jinya takan share hawaye ta shiga aikin dare a ranar da aka binne wadda ta aurar da ita. Gaisuwa sai ta koma Asabar. Mutane su tuƙo mota daga garuruwa masu nisa, falo ya cika, mata su yi tuwo da miyar kuka, kowa ya shigo ya durƙusa ya ce «Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya kyautata namu zuwan.» Ƙungiyoyi irin su Zumunta, wadda 'yan Arewa suka kafa a Amurka a 1991, da ƙananan zaurukan 'yan gari ɗaya, su ne ke sanar da juna. Ana raba izu sittin ta waya, wani a Kuala Lumpur, wani a Alƙahira, wani a Fadaman Mada, a sauke Alƙur'ani a rana ɗaya.

Wasu kan roƙi liman ya yi wa mamaciyar sallar ga'ib bayan Juma'a. Mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba ta tafi a kan haka ba, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun halatta, suna kafa hujja da sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha. Haka nan sadakar uku da bakwai da arba'in, wadda tun kafuwar Izala a Jos a 1978 ake ja-in-ja a kanta a gidaje da yawa. Wannan fagen malamai ne. Abin da ke damuna shi ne in ga 'yan uwa ɗaya uba ɗaya sun daina magana a kan yadda za a yi wa mamaciya addu'a, alhali ita ta ƙare rayuwarta tana sasanta su.

Mu ba mutanen tuna mamaci da gini ba ne. Kabarin Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, yana nan cikin gari da ɗakin ajiye kayansa, ɗalibai da baƙi na zuwa gani, amma wannan na ƙasa ne baki ɗaya. Kabarin goggo tudun ƙasa ne, wataƙila da ɗan allon ƙarfe, bayan damina kaɗan sai mai gadin maƙabarta ya taimaka kafin a gane shi. Shi ya sa mazauna ƙetare ke karkata ga sadaka mai gudana. Fam da dala suna da auki in an canza su, don haka sai a haƙa rijiyar burtsatse, a gyara rufin masallacin unguwa, a saya wa Islamiyya Alƙur'anai. Aikin lada ne, Allah ya karɓa. Sai dai a sa kuɗin gyara a lissafi, domin famfon da ya lalace bayan shekara biyu ba ya shayar da kowa.

Kuma akwai abin da banki ba ya aikawa. Goggo ba ta bar jerin sunayen waɗanda take ciyarwa ba. Babu wanda ya rubuta abin da ke kanta: wane ne ya sha nono da wane har aure ya haramta tsakaninsu, ina iyakar gonar kaka take, wace rigima ce ta raba ɗakuna biyu tun kafin a haife mu. Bayan arba'in zauren iyali yakan yi tsit, sai gaisuwar Juma'a da ake turawa daga wani wuri. Zumunci a ƙafa yake, in ji Bahaushe, kuma mai ƙafar ta tafi. Waɗanda na ga sun fi riƙe amanarta daga nesa su ne masu tambayar 'ya'yanta da maƙwabtanta, «Wa take kai wa abinci? Maganin wa take saya?» sannan su ɗauki mutum ɗaya ko biyu a wuyansu. Su ne masu kiran tsofaffin dangi ɗaya bayan ɗaya, su haƙura da doguwar gaisuwa, su ɗauki muryar waɗanda suka rage suna ba da tarihin gida.

In Allah ya kawo mutum gida, ko bayan shekara ne, gaisuwa tana nan tana jiransa. Zai bi ɗakunan tsofaffi, kowace ta gan shi kuka ya dawo sabo. A nan ne zai ji abin da waya ba ta faɗa masa ba: bashin da ta yafe, yarinyar da ta yi wa kayan ɗaki a ɓoye, maƙwabcin da ba Musulmi ba da ya zauna kwana uku a kan tabarmar makoki.

Da yawa kuma in an haifa musu mace sai su mayar da sunanta. A gida ana sakaya shi, a ce Ummi ko Mama ko Hajiya Ƙarama, don uba ba zai iya kama sunan wadda ta rene shi ba. A makaranta a Leeds ko Houston malamai na kiran yarinyar da sunan yanka gatsal, ita ma da shi take amsawa. Aikin da ke gaban iyayenta shi ne su koya mata Hausar da za ta fahimci saƙonnin muryar mai sunanta da ke ajiye a wayar babanta, su kuma kawo ta Bauchi tun tsofaffin da suka san goggon suna raye.