Badaguishiri: Yadda ramin tassa ya zama kundin digirin digirgir

A tudun da ke kewaye da kwarin Badaguishiri, a gundumar Illela ta jihar Tahoua, akwai ƙasar da manoma ke kira faƙo. Ta ƙeƙashe kamar daɓe, ruwan sama ba ya shigarta sai dai ya kwarara ya wuce. Bayan farin 1984, an yi watsi da irin wannan ƙasa mai yawa.

A 1989 wani shirin asusun raya noma na duniya, FIDA, ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma irin su Yacouba Sawadogo ke farfaɗo da faƙo da ramukan zai. Da suka dawo suka gwada, da sunan da suka sani: tassa. Damina ta yi gardama a 1990, amma hatsin da ke cikin ramukan ya yi, kuma maƙwabta ba su jira wani malamin gona ba suka kwaikwaya.

Aikin ba shi da wuyar fahimta, wuyarsa a gwiwa take. Da rani ake haƙa rami mai faɗin kamar taki guda, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Ruwa ya taru, iska ta kawo ganye da ƙura, gara kuma ta bi takin ta huda ƙasa. Ana ƙiyasta cewa hekta guda na cin awa 300 na haƙa. Har faƙon da aka raina ya yi kuɗi, aka koma saye da sayarwa, wasu samari kuma suka samu ƙwadagon haƙa a gida a lokacin da aka saba tafiya cirani.

Sai daga baya masana suka biyo sawu. Dougbedji Fatondji na cibiyar ICRISAT da ke Sadoré, kusa da Yamai, ya yi digirinsa na digirgir a jami'ar Bonn ta Jamus a 2002 kan wannan rami. Ya auna yadda taki ke ruɓewa a ciki da abin da gero ke sha daga gare shi. Bincikensa ya nuna cewa rami ba taki amfaninsa kaɗan ne, abin da ya kamata masu shirye-shiryen da ke ƙirga ramuka kawai su ji.

Sai dai da Turanci aka rubuta kundin, a ƙasar da manomin ke Hausa, ɗalibin kuma ke karatu da Faransanci. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Tambayoyi kuwa ba su ƙare ba. A ƙauyen Batodi, cikin gundumar Illela, masu bincike, ciki har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, sun ruwaito cewa ruwan rijiyoyi ya taso bayan yaɗuwar tassa, har mata suka kama noman lambu. Nawa ne rabon tassa a wannan, nawa ne na damina? Ina za a samu takin da zai ishi kowa? Amsar na buƙatar wanda zai yi shekaru yana auna rijiya ɗaya.

A lokacin da manoman suka je Yatenga, babu jami'a a Tahoua. Yau akwai Jami'ar Djibo Hamani, kuma motar da ta taso daga Konni zuwa can sai ta ratsa ta Badaguishiri.