An Taɓa Hanyar Iskar Inji, Birki Ya Yi Tauri

Duk wanda ya zauna a Kalakla ya san ƙurar habub. Daga watan Mayu zuwa Yuli, idan ta taso sai ta rufe gari, ta cika matatar iskar mota cikin kwanaki kaɗan. Wannan ne ya sa direbobinmu na Amjad da Hayis da boksi suke yawan taɓa hanyar da iska ke bi ta shiga inji. Wani ya cire akwatin matatar ya ɗaura wata buɗaɗɗiya, wani ya ja bututu zuwa sama, wani kuma ya sauya kafireta. Har ila yau, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, motoci da yawa sun yi shekara biyu a ajiye cikin rana, wasu an kwashe musu kaya. Da mutane suka fara komowa Khartum a 2025, sai aka shiga tayar da su da duk kayan da hannu ya kai gare su.

To, a nan ne ake samun gyaran gangar Auzinawa. Mota ta fito daga gareji inji na tashi lafiya, amma da direba ya hau hanyar Jabal Awliya ya taka birki, sai ya ji kamar dutse ya taka. Da yawa sukan koma su sayi sabon takalmin birki ko su ƙara mai, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

Dalilin shi ne, birkin mota mai shan fetur daga numfashin inji yake aron ƙarfi. Idan ka buɗe gaban mota za ka ga wata baƙar tukunya mai faɗi a bayan kwalbar man birki, wadda masu gyara ke kira sirfo. Akwai tiyo mai kauri da ya haɗa ta da bututun da ke raba wa inji iska. Yayin da inji ke zuƙar iska, yana zuƙe ta cikin tukunyar ma. Da ka taka birki, sai iskar waje ta shiga ta ɓangare ɗaya ta tura faifan roba da ke ciki, ƙarfin ƙafarka ya ninka. A kan tiyon kuma akwai ɗan bawul da ke barin iska ta fita, ba ya barinta ta koma.

Sauya matata kaɗai ba ya kashe birki. Ɓarnar tana zuwa ne ta hanya huɗu. Ko dai an cire tiyon lokacin aiki aka manta ba a mayar ba, ko ya bushe ya tsage da aka lanƙwasa shi. Ko an maye gurbinsa da tiyon ruwa mai laushi, wanda ke shaƙewa da zarar inji ya ja. Ko an juya bawul ɗin baya ya koma gaba. Ko kuwa an soke tiyon a sabon bututu kusa da matata, gabanin ƙofar totur, inda babu zuƙar kirki.

Gwajin ba ya bukatar ko sifana. Ka kashe inji, ka taka birki sau 5 har ya yi tauri. Ka riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da inji. Idan komai lafiya, za ka ji birkin ya ɗan sauka ƙasa. Idan bai motsa ba, zuƙar ba ta isa tukunyar. Bayan haka ka bar inji ya yi aiki minti 1, ka kashe, ka jira kaɗan ka taka. Ya kamata taku biyu ko uku na farko su yi laushi. In tun na farko ya yi tauri, to bawul ko tukunyar na yoyo. Ka kuma kasa kunne: sautin huci kusa da tiyon, ko inji ya riƙa rawa yana neman mutuwa in an taka birki, duk alamar iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba.

Masu motar dizal, irin tsofaffin boksi da Hayis na Toyota, naku daban ne. Injin dizal ba ya ba da wannan zuƙa, saboda haka aka yi masa ɗan famfo a bayan dinamo. Ku duba tiyon da ya taso daga can, ku duba bel, domin in bel ya tsinke famfon ya tsaya.

Kada kuma a haɗa wannan da birki mai laushi da ke nutsewa har ƙasa. Shi wannan yoyon mai ne, ko iska ta shiga bututun man, kuma mota ba ta hawa titi da shi.

In abin ya same ka kana tafe, ka sani birkin bai mutu ba, mataimakinsa ne ya tafi. Ka danna da dukkan ƙarfinka ka riƙe, ka sauko da giya, ka ja birkin hannu sannu a hankali. Kada ka kashe inji.

Roƙona ga iyayen gidanmu masu gareji shi ne su koya wa yaransu wannan gwaji, ya zama ba a miƙa makulli sai an yi shi a gaban mai mota. Direba kuma ya gwada birkinsa a fili kafin ya ɗauki fasinja a Laffa. 'Yan makarantar da ke tsallaka titi da safe ba su san an sauya matata jiya ba, sun dogara ne da cewa motar za ta tsaya.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.